Idon Inna da Idon Tsintuwa

Ranar da maganin idon Inna ya ƙare, ranar ta tsinci 'yar magen. Da safe ta ɗaga kai ta matse 'yar kwalbar a kan idon hagu, ta girgiza ta sake matsewa, ko ɗigo bai sauko ba. Ta ajiye ta a kan keken ɗinkinta, ta fita wajen igiyar shanya, sai ta ji wani ɗan siririn kuka daga ƙarƙashin tankin ruwa. Ta durƙusa da ƙyar, ta zura hannu ta laluba, ta jawo wani abu jiƙaƙƙe mai sanyi da bai cika tafin hannu ba. Ƙashi ne da fata, kunnuwa sun fi kai girma, idanun kuwa kwantsa ta liƙe su ruf kamar an shafa danƙo.

Inna a gidan babban ɗanta take zaune, wanda kowa ke kira Manaja, har da ita, tun da aka ba shi riƙon wani babban shagon kayan gini. Ɗakinta na jikin kicin, ga gado, ga keken ɗinkin da ta ciyar da 'ya'yanta da shi, ga taga ɗaya. Matar Manaja malamar makaranta ce, Uwar Biyu ake ce mata. Tagwayen suna makarantar kwana, don haka daga safe zuwa la'asar gidan na Inna ne ita da ƙarar firji.

Da Uwar Biyu ta dawo ta leƙa kwalin takalmin da aka shimfiɗa wa tsumma, sai ta yamutsa fuska. Ta ce abin nan ba zai ga gobe ba, kuma ko ya gani, tsintacciyar mage ba ta mage. Manaja kuwa dariya ya yi, ya ce a ƙyale Inna, ta samu abokiyar hira. Ganin yana cikin fara'a, Inna ta ɗauko katin asibitin ido ta miƙa masa, ta ce maganinta ya ƙare, kuma Alhamis ɗin nan aka rubuta mata ta koma. Ta tuna masa abin da likita ya faɗa: hawan jinin ido ne, ba a canza magani sai an auna, watakila ma a yi mata ɗan aiki. Asibitin yana can ɗaya ƙarshen gari, kuma dole ta zo da wani nata, domin in an ɗiga mata maganin gwaji ba za ta ga hanya ba sai yamma, ga kuma takardar da za a sa hannu.

Bai karɓi katin ba. Ya ce wannan satin manyansu za su zo duba shago, ko numfashi ba zai samu ba.

"Sati mai zuwa, Inna. Da kaina zan kai ki."

Ta ce Allah ya kai mu, ta mayar da katin ƙarƙashin matashi.

Magen ba ta mutu ba. Inna ta dafa ruwa ta sa ɗan gishiri, ta riƙa jiƙa auduga tana goge idanun a hankali, daga ciki zuwa waje. Ta riƙa ɗiga mata madara da ƙaramin cokali, rabi ya shiga rabi ya zube. Ta cika gorar roba da ruwan ɗumi ta naɗe da tsohon ɗankwali ta sa mata a gefe. Ta raɗa mata suna Tsintuwa. Amma a kwana na uku cikin ya ɓaci, gudawa ta kama ta, ga atishawa, ga ƙuma na yawo a cikin gashin kamar an watsa barkono. Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta leƙa kwalin, ta koma gado, ta sake tashi ta leƙa. Daga ƙarshe ta yafa mayafi, ta rungumi kwalin, ta nufi asibitin dabbobi da ke layi na biyu daga gidan, wanda ta sha wucewa ba ta taɓa tunanin za ta shiga ba.

Likitar dabbobin matashiya ce mai saurin magana da sanyin hannu. Ta ɗora Tsintuwa a kan sikeli, ta buɗe mata baki, ta taɓa ciki. Ta ce madarar shanu ce ta lalata mata ciki, a daina, ga irin ta 'ya'yan mage. Akwai tsutsar ciki, akwai mura, ita ce ta sauka a ido. Ta ba da man ido a shafa sau huɗu a yini, da maganin ruwa da za a ja da sirinji zuwa layi na biyu, kada ya wuce. Ta ce a dawo da ita bayan sati, ko da an ga ta warware.

"Mama, kada ki tsallake ko sau ɗaya. Ciwon ido ba ya jira."

Inna ta kai takardar maganin har kusa da hanci, tana karkata kai kamar kaza ta ga tsaba. Likitar ta lura, ta tambaye ta ko lafiya. Inna ta ce ɗan ciwo ne, ɗanta zai kai ta asibiti sati mai zuwa.

Satin ya zo, mota ta tafi wurin bakanike. Na bayansa Manaja ya yi tafiyar kwana uku, ya dawo a gajiye, Inna ta ji nauyin yi masa magana. Da ta gwada Uwar Biyu, sai ta ce ai da so samu ne da tuni, to ga jarrabawa ta taso, ga takardu tuli, kuma hedimasta ba ya ba da izini a irin wannan lokaci. Ta ƙara da cewa in ba a manta ba, irin wannan sa hannu na ɗa ne, ba na suruka ba, kada wani abu ya faru a ce ita ce. Inna ta kira Auta, 'yarta da ke aure a wani gari. Auta ta yi ta sannu har muryarta na rawa, sannan ta ce ƙaramin nata na haƙori, maigidan kuma ba ya nan. Ta ce ai Yaya yana kusa, ga shi da mota, bari ta yi masa magana. Ko ta yi, ko ba ta yi ba, Inna ba ta ji komai ba.

A cikin kwali kuwa abubuwa suna tafiya gaba da baya. A kwana na shida idon dama na Tsintuwa ya buɗe, wani shuɗi-shuɗi mai hazo, ta kalli Inna ta buɗe baki ba sauti. Inna ta yi ta dariya ita kaɗai a ɗaki. Na hagu ya ƙi, ya kumbura, sai da aka canza magani. Gudawa ta tsaya, ta dawo, ta sake tsayawa. Wata rana ta ƙi cin komai, Inna ta yini da ita a cinya tana ɗiga mata ruwa a gefen baki, ita ma ba ta ci ba. Layukan jikin sirinjin sun fara yi mata wuyar gani, sai ta sa likitar ta nuna mata wurin da yatsa, ta ɗaure shi da baƙin zare, tana ja har farcenta ya taɓa ƙullin. Ta koyi riƙe 'yar magen a naɗe cikin tawul, kai kaɗai a waje, ta koyi ɗage fatar idon da babban yatsa. Ranar komawa kuwa ba ta taɓa sauya ta ba. Ko ana yayyafi za a ga tsohuwa da kwali tana bin gefen titi.

Nata idon kuma yana tafiya a hankali, ba sallama. Da farko ciwon kai ne, yana farawa daga gira ya zagaya ƙeya. Sai ta fara ganin bakan gizo ya kewaye ƙwan lantarki. Sai gefe-gefe ya fara duhu, kamar ana jan labule daga hagu. Ta daina ɗinki, domin zare ya ƙi shiga allura. Ta buge kafaɗa da ƙofar kicin sau biyu. Ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi ta ture shi, ya fashe, yana cikin saitin da Uwar Biyu ke ji da shi.

A nan ne aka samo wa ciwon dalili. Uwar Biyu ta ce ita tun farko ta faɗa, gashin mage ne ke shiga idon Inna. Mutum ya kwana ya tashi da dabba mai ciwon ido, me ake jira? Manaja ya gyaɗa kai, ya ce akwai ƙamshin gaskiya. Washegari ya biya kemis ya sayo maganin wanke ido da tabarau na karatu, ya miƙa mata da fuskar wanda ya sauke nauyi. Inna ta ce ba wannan ba ne likita ya rubuta. Ya ce duk maganin ido ne, ta fara da shi tukuna, yana lalubo ranar da zai samu sarari. Kuma, ya ce, ta riƙa tunawa akwai shekaru, ido ba zai zauna kamar na budurwa ba.

Ba wai ba sa ba ta abinci ba ne. Suna ba ta, mai kyau ma. Da safe Manaja zai tsaya a bakin ƙofa, makullin mota a hannu, ya tambayi yadda ta kwana, ya kuma tambayi 'yar jikarta mai wutsiya, ya yi dariya ya wuce kafin ta gama amsawa. In baƙi sun zo, sai a kira ta falo a zaunar da ita a kujera mai laushi, Manaja ya ce ai Inna ce albarkar gidan nan. Wannan ne ya sa bakinta ya yi nauyi. Wa za ta gaya wa, ta ce me? Ta kan ciro katin ta shafa, ta mayar. Ta kan tsaya a taga ta rufe idon dama da tafin hannu don ta gwada na hagu, ta yi sauri ta buɗe saboda abin da ta gani, ko abin da ba ta gani ba. Sai ta hau zagaye ɗakin, daga gado zuwa keke, daga keke zuwa ƙofa, Tsintuwa na bin bakin zaninta tana kai masa cafka.

A haka aka ci wata huɗu. Tsintuwa ta yi gashi mai sheƙi, idanun biyu tar, sai ɗan hawaye da na hagu ke yi in an yi sanyi. An yi mata rigakafi. Ta fi ƙarfin kwali, ta koma kwana a kan keken ɗinki.

Wata ranar Talata da hantsi Inna ta fito daga kicin da tukunyar ruwan zafi a hannu. Ta duba gabanta, ba ta ga komai ba. Ta ɗaga ƙafa ta sauke da dukan nauyinta, sai ta ji abu mai laushi ya motsa a ƙarƙashi, ta ji ƙas, sai wata ƙara da ba ta taɓa jin irinta daga bakin Tsintuwa ba. Allah ya taimaka tukunyar ta kife can gefe. Inna ta zube a ƙasa tana lalube. Magen tana nan daf da gwiwarta ta hagu tana jan ƙafar baya, amma sai da ta juya kanta gaba ɗaya sannan ta gan ta.

Ba ta san yadda ta kai asibitin ba. Ta dai tuna wani mai babur ya ja birki yana zage-zage, ba ta ga ta inda ya ɓullo ba. Likitar ta duba ta ce karaya ce amma mai kyau, za ta ɗoru. Ta yi allura, ta ɗaure ƙafar, Inna na tsaye tana maimaita cewa ita ta taka ta, ita da kanta. Da aka gama, likitar ta zaunar da ita a kujera, ta ce ta kalli hancinta kada ta juya. Ta ɗaga yatsu ta gefen dama tana matsowa da su, sai da suka zo kusa Inna ta ce ta gani. Ta ɗaga ta gefen hagu, ta matso, ta matso, har hannun ya kusa taɓa kuncinta. Inna tana ta jira a fara.

Likitar ta tambaye ta yaushe rabonta da maganin ido. Da ta ji amsar, sai ta nemi lambar Manaja. Inna ta hana, ta roƙa, amma likitar ta riga ta karɓi wayar. A gaban Inna ta gaya masa cewa ita ba likitar mutane ba ce, amma ko ita ta san uwarsa na makancewa. Ta ce da dabba aka kawo mata a wannan hali bayan wata huɗu, da sai ta tambayi mai ita ko yana tsoron Allah.

Manaja ya dawo gida da wuri a ranar, karo na farko cikin watanni. Bai zauna ba. Ya ce bai taɓa jin kunya irin ta yau ba, a ce uwarsa ta kai ƙararsa wurin likitar karnuka, yarinyar da ya girme wa nesa ba kusa ba ta wanke shi tas ta waya a gaban ma'aikatansa. Me ya rage ta da shi? Ci ne ko sha? In abin ya yi tsanani haka, me ya hana ta faɗa masa sosai? Inna tana zaune a bakin gado da magen a cinya, ta ce ya yi haƙuri.

Washegari da sassafe mota ta samu lafiya, aiki ya samu mai riƙewa. Tafiyar da ta gagara wata huɗu ba ta kai awa ɗaya ba.

Likitan ido dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya auna, ya haska, ya sake aunawa, ya juya katin ya duba kwanan wata. Ya ce idon hagu ya tafi, jijiyar ta mutu, babu magani ko aikin da zai dawo da shi. Na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Wannan za a yi ƙoƙarin riƙewa, da magani safe da yamma, da dawowa bayan sati biyu don a sa ranar aiki. Sannan ya cire tabarau ya dubi Manaja, ya tambaye shi me ya tsare su tun watan da aka rubuta.

Inna tana jin numfashin ɗanta a gefenta, irin wanda yake yi tun yana yaro in an kama shi da laifi.

"Ni ce ban matsa ba, likita," in ji ta. "Na ɗauka zai wuce."

Likitan ya daɗe yana kallonta, sannan ya sunkuya ya ci gaba da rubutu.

Ta faɗi maganar ne don ta rufa wa ɗanta asiri na minti ɗaya, ba ta san riga ta ɗinka masa ba. Kafin yamma ya sa ta ya zagaya dangi da ita. Duk wanda ya kira, amsar ɗaya ce: Inna ce ta ɓoye, ita da bakinta ta faɗa a gaban likita, hankalinta duk ya tafi kan mage. Ranar Asabar gida ya cika. Auta ta samu mota ta zo da lemo da ayaba, ta rungume Inna ta yi kuka har da shessheƙa. Waɗanda ba su da awa ɗaya ta rakiya sun samu yini guda na jaje. Da aka natsu a falo, Uwar Biyu ta kawo shawara cikin ladabi: tunda abin ya zama haka, gara a fitar da magen, kada wata rana ta harɗe Inna ta faɗi. Auta ta ce gaskiya ne. Manaja ya ce dama abin da ke ransa ke nan, gobe zai sa a kai ta bakin kasuwa a saki.

Inna ta juya kanta a hankali, tana neman fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya da ɗan abin da ya rage mata.

"Wata huɗu ina ba ta magani, ban tsallake ko sau ɗaya ba. Ban haife ta ba, ba ta haife ni ba. A ƙarƙashin tanki na same ta." Ta gyara riƙon magen. "Ƙafarta ba ta warke ba. Ba inda za ta."

Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta. Can Manaja ya yi gyaran murya ya ce to, a bar maganar tukuna, Inna ta gaji, a kai ta ta kwanta. A kicin ta jiyo ana raɗa cewa tsufa ya fara taɓa ta.

Baƙi suka watse, Auta ta koma ranar Lahadi. Kwana uku na farko Manaja da kansa yake ɗiga mata magani, har da tsayawa ya ga ya shiga. A na huɗu ya makara, ya ce Uwar Biyu ta yi. A na shida Uwar Biyu ta ce ta ɗauka ya yi kafin ya fita. Daga nan Inna ta karɓi kwalbarta, ta riƙa kwanciya rigingine tana lalubo gefen ido da yatsa, wani ɗigon ya shiga, wani ya gangara kunne.

Ranar komawa asibitin ido ta yi wanka tun da asuba, ta sa kayanta, ta ba Tsintuwa abinci, ta zauna a kujerar bakin ƙofa da kati a hannu. Manaja ya fito yana ɗaura agogo, ya gan ta, ya dafe goshi. Ya ce wata babbar mota ce ta iso da kaya, dole ya tsaya a sauke, amma ba zai wuce awa ɗaya ba, ta zauna a shirye. Ta ji an buɗe get, ta ji motar ta fita, ta ji an rufe.

Ta zauna. Ta tashi ta je taga, ta dawo. Rana ta baro bangon maƙwabta ta hau tsakar gida. Ta kira wayarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Uwar Biyu, da ke hutun makaranta, ta leƙo ta ce ku ƙara haƙuri Inna, kun san aikin nasu, in ma yau ba ta yiwu ba ai asibiti ba ya gudu.

Da agogon falo ya buga sha ɗaya, Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta cika wa Tsintuwa kwanon ruwa, ta ja ƙofar ta rufe don kada ta biyo ta da ɗaurarriyar ƙafa. Ta ɗauki sandar mofa da ake goge ƙasa da ita ta cire kan, ta dogara. Za ta tsaya a bakin titi, ta nuna wa duk wanda Allah ya kawo katin, ta roƙi a sa ta a motar da ke zuwa can. Yadda za ta dawo, da wanda zai sa hannu, ta bar wa can. Ta bi bango da hannun hagu har ta taɓa ƙarfen get, ta lalubo sakata.

Ƙarar sakatar ce ta fito da Uwar Biyu da gudu, ko takalmi babu. Ta leƙa titi ta ga masu shago a zaune, ga matan maƙwabta suna dawowa daga cefane. Ta sassauta murya.

"Inna, don Allah ku dawo ciki. Ku kaɗai a titi da sanda? Me mutane za su ce?"

Inna ta riga ta sa ƙafa ɗaya waje. Ba ta juyo ba, don ko ta juyo ta wannan gefen ba za ta gan ta ba.

"Su faɗi abin da suka gani," in ji ta. "Su ai suna da ido."